Ledar Ɓawon Rogo

A shekarun da leda ta fara toshe kwatocin Kano, ina aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, a sashen da ake dafa sitacin da ake tsoma zare don ya yi ƙwari. In an tashi aiki, ragowar sitacin kan bushe a bakin tukunya, ya zama wani abu shara-shara, har kana hango yatsunka ta cikinsa. Abokan aikina kankarewa suke yi su zubar. Ni kuwa nakan ɗaga shi saitin taga, in ce a raina: wannan ai leda ce.

Sai na ƙudurta zan haɗa tawa a gida. Na je wajen matan unguwarmu masu sayar da dafaffen rogo, na roƙi ɓawon da suke ferewa. Na kirɓa, na tace, farin sitacin da ya kwanta a gindin ƙwarya na dama shi a wuta, na malala a faranti. Ta farko da ta bushe sai ta farfashe. Wani abokina mai aiki a kamfanin sabulu a Bompai ya kawo mini gilisirin, wani ruwa mai kauri da ke hana fata bushewa. Da na zuba ɗan kaɗan, sai ta fito da laushi, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa.

Na kai wa manajanmu. Ya jujjuya ta, ya ɗiga mata shayi, nan take ta fara yauƙi.

"Malam, wa zai sayi ledar da ke tsoron ruwa?"

"Ranka ya daɗe, akwai mai neman wadda za ta ruɓe," na ce.

Na san wanda nake nufi. Kawuna yana da lambu a bakin kogin Challawa, kuma kullum kukansa ɗaya: in ya ciro dashen tumatir, ƙasar saiwar takan zube kafin a kai gona, da yawa su mutu.

Na kai masa ledar, na ce, "Kawu, ku naɗe kowanne da ƙasarsa a cikin wannan, ku binne shi haka, kada ku kwance."

Ya shinshina ta. "Ɗan nan, in ta shaƙe mini tumatir fa?"

"Ba za ta shaƙe ba. Daga ƙasa ta fito."

Kunya ɗaya tal ya yarda ya gwada. Da tumatir ya fara fure muka tona gindin guda. Babu ko alamar ledar, sai saiwa fara tas ta bazu ko'ina. Kawu ya ci gaba da tono da hannu yana nema, har ya gaji ya zauna yana dariya.

Da lokacin dashe ya zagayo, maƙwabtan lambunsa suka fara sallama a gidana da buhunan ɓawo a kan kekuna. Farantaina suka kasa, dole na sa maƙeri ya buga mini manyan tire, na koya wa masu lambun su dama da kansu.