Filin ƙwallo a kan teburin cin abincinmu

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ya hana ni zuwa ganin Inna.

Ni ban san ƙwallo ba, Italiya kuwa ko a mafarki. Malam, maigidana, shi ya kawo mu nan ƙasar waje, unguwar Taman Melati, zai yi digiri na uku kan zanen gine-gine, ya rasa abin nazari duk duniya sai wani tsohon filin ƙwallo na Italiya. Ya gina irinsa da kwali da gam, ya ɗora a teburin cin abinci. Ni da yara muka koma tabarma. Fanka ma ba a kunnawa a falo, wai kujerun takarda za su tashi. Ga zafin garin nan, ga damshi da ke sake gam, kullum cikin liƙi yake.

Ina wanke-wanke yana bitar tarihin filin, har na haddace. Wai da rumfuna huɗu ne kawai. Jikokin maginan suka ɗora bene, nasu jikokin suka ƙara wani, da hasumiyoyi masu hanya a murɗe kamar alkaki. Suka aza rufi kan jajayen ƙarafa, rufin ya tare rana, ciyawa ta dinga mutuwa.

Can gida idon Inna yana ta raguwa. In ta ce, "Yaushe za ku zo in ga yaran nan?" sai in ce, "Inna, ya kusa gama filinsa."

Ran nan da la'asar sai ga shi da tapau, wato ƙunshin abinci, daga shagon mamak, masu sayar da abinci na nan garin, shinkafa da kaza. Malam ba ya sayo abincin waje sai da magana a bakinsa.

"Maman yara, rushe filin za su yi."

"Alhamdu lillahi! Ashe mun gama."

Ya sosa ƙeya. "Mai duba aikina ta ce sai na ƙara babi kan rushewar."

"To yaushe za su rushe?"

"Suna gardama tukuna."

Na koma tabarma na zauna. Ya ce in na so in ɗauki auta in yi gaba, manyan biyu su tsaya saboda makaranta. Su kuwa manyan Inna ta fi ambato, ita ta yi mini wankan jegonsu.

In ke ce, da ɗaya za ki je mata yanzu, ko za ki jira Turawa su gama gardama?