Jar Rigar Ranar Gobara

Hannun Dogo kullum sanyi ƙalau yake, ko da tsakar rana ce. In ya fito daga ɗakin na'urori sai ya nufo motata, ya kifa tafukansa a kan bonet, ya ce, "Direba, bari in sha ɗumin da kamfani bai hana ba." Ni kuma in ce masa kifin firiji ba ya jin wuta. Gaisuwarmu ke nan shekara da shekaru.

Kamfaninmu ajiya yake yi wa mutane, amma ba ta kaya ba. Asibitoci da makarantu ne ke ba mu amanar bayanansu. Gida biyu gare mu, babba a cikin gari, ƙarami a tsallaken kogi. Duk abin da ya shiga na'urorin babban gida ana kwafe shi a kan kaset, wani ɗan abu da bai wuce tafin hannu ba. Dogo ne mai kaset. Ni ne mai kai su tsallake, domin in wuta ko ruwa ya ci gida ɗaya, a sami abin tayar da komai a ɗayan.

Jego yake yi wa kaset ɗin nan. Ya goge, ya manna lamba, ya jera su a akwati mai soso. Ba ya yarda a sa akwatin a but ɗin mota, sai dai a kujerar baya, a ɗaure da bel kamar mutum. In na faɗa rami ya dafe ƙirji ya ce, "A hankali, ɗan'uwa, akwai masu ciki a baya." Wai bayanan asibitin haihuwa yake nufi. Matarsa ta saƙa masa wata suwaita ruwan toka saboda sanyin ɗakin, ita yake sawa har gwiwar hannun ta ɓule. Ba ya cin abinci shi kaɗai. Rabin abin da ke kwanonsa a cikina yake ƙarewa, kuma bai taɓa yi mini gori ba sai dai tsiya.

Shi ya kawo mana abin da muke kira ranar gobara. Sau ɗaya a shekara ake kashe na'urorin babban gida kamar ya ƙone ƙurmus, kowa ya koma tsallake, a tayar da komai daga kaset kafin rana ta faɗi. Ya ce wuta ba ta cin gini kaɗai, wani lokacin har da mutum take tafiya. Saboda haka ya samo wata jar riga irin ta masu aikin titi. Wanda aka sa wa ita ya mutu a gobarar ke nan. Zai zauna a kujerar bakin ƙofa, ba magana, ba waya, ba nuni da yatsa, a ga ko aiki zai tashi babu shi. Kuma ni ya ba zaɓin wanda za a sa wa, don ban san komai a kan na'ura ba, ba ni da ɗan gida. Ba a ƙin rigar. Shugabar kamfani da kanta ta taɓa sa ta, ta wuni tana gyangyaɗi a kujerar.

Sai aka kawo mana sabon manaja, wanda muke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki. Tun zuwansa jininsa bai haɗu da na Dogo ba, saboda kowa Dogo yake tambaya. A ranar gobarar shekarar da ya zo, ina tsaye da riga a hannu ina duban fuskoki, sai ya fizge ta ya rataya wa Dogo da kansa. Dogo ya yi dariya ya ce, "To, jama'a, a yafe ni." Ya zauna, ya naɗe hannu cikin suwaitarsa.

Aiki ya tashi lafiya lau. Dole ya tashi, tun da duk wanda ke ɗakin Dogo ne ya koya masa, musamman Injiniya, wata mata mai kaifin baki da ya raina tun tana sabuwa. Na ga fuskarsa da aka gama, farin ciki kamar an yi masa haihuwa. A nan ne Mai Turare ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya ce, "Ashe ko babu kai aiki na tafiya."

Mun ɗauka wasa ne. Wata bai ƙare ba aka sallami Dogo.

Dogo bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya cinye shi. Duk ranar kai kaset sai ya yi wanka ya sa suwaita ya zauna a ƙofar gida. In na biyo da mota ya tsayar da ni, ya leƙa baya ya ga ko na ɗaura wa akwatin bel. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe na riƙe hannunsa, sai na ji shi da ɗumi. Ban taɓa jin hannun nan da ɗumi ba. Na fita waje na yi kuka kamar ba namiji mai iyali ba. Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ya huta. Mai Turare ko gaisuwa bai zo ba, saƙon waya ya turo.

Ba zan ɓoye ba, na ƙudura sai na ga bayan mutumin nan. Kuma hanya a hannuna take. Kaset ba ya son zafi. In na ajiye motar a rana na rufe gilashi na tafi harkata, ranar gobara ba abin da zai tashi, kuma manaja za a fara tambaya. Na je na faɗa wa matar Dogo, ina tsammanin za ta sa mini albarka. Tana yanke wa autarsu farce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban yara ya ƙare ƙuruciyarsa a firiji saboda kaset ɗin nan, kai kuma ka gasa su? Wa ka rama wa, shi ko wancan?"

"To, Yaya, in bar shi ya ci bulus?"

"Ni na ce ka bar shi? Cewa na yi kada ka taɓa kayan mijina."

Na fito jiki a sanyaye. Ina buɗe but don in ajiye takalmina, sai ga jar rigar a ninke a gefen taya.

Ranar gobara ta zagayo. Muka taru a tsallake, Shugaba ma ta zo kamar yadda ta saba. Mai Turare ya sha kwat, yana ta bayani da hannu. Da ya gama ya miƙo hannu ya ce, "Direba, kawo rigar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zaɓin na direba ne. Ko an canza, Shugaba?"

Ta ce ba a canza ba.

Na san in abin ya juye, ni ma gida zan koma. Na taka har gabansa, na rataya masa ita a kan kwat ɗinsa, na gyara masa wuya da kyau. Na ce, "Allah ya jiƙanka, Manaja."

Ya buɗe baki zai yi magana, Injiniya ta tare shi. "Haba ranka ya daɗe, gawa da surutu? Ga kujera can." Ta karɓe wayoyinsa duka ta zuba a aljihun tebur.

Wannan wuni ban je ko'ina ba. Na jingina da bango ina kallonsa, ko ruwa ban nema ba. Aka buɗe akwatunan, aka ɗura kaset a na'ura, hannun ƙarfen da ke ciki yana ɗauka yana sawa. Asibiti ya dawo, makaranta ta dawo, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tsaya rubuta masa rahoto, ba wanda ya jira izininsa, ba wanda ko ya waiwaye shi. Wani kaset ya ƙi karantuwa, na ga idon Mai Turare ya yi haske, har ya ɗaga ɗuwawu daga kujera. Injiniya ta ɗauko na biyunsa a ɗaya akwatin, yadda Dogo ya koya mata, aka wuce. Ya koma ya zauna. Gumi yake a ɗakin da mutane ke sa suwaita.

Rana ba ta ko karkata sosai ba aka gama. Shugaba ta duba agogo, ta ce ba a taɓa gamawa da wuri haka ba. Aka yi tafi. Na jira tafin ya lafa, sannan na je na dafa kafaɗarsa, daidai inda ya dafa ta Dogo.

"Ashe ko babu kai aiki na tafiya."

 Shugaba ta dube ni, ta dube shi. Ta san maganar, don da wannan maganar ce ya je ofishinta bara har ta sa hannu aka sallami Dogo. Ta ɗauki jakarta ta fita. Kafin ranar kai kaset ta zagayo sau biyu, ƙamshin turare ya bar ginin.

Mutane suna ce mini yanzu sai in yafe. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe nan kusa. Shi ya rasa kujera, zai sami wata. Autar Dogo fa?

Na je na ba matar Dogo labari tun daga farko. Da na zo wurin gawa da surutu ta yi dariya har ta riƙe ciki, rabon da in ji dariyarta tun yana da rai. Daga nan dariyar ta koma kuka. Da ta share ido ta tambaye ni abu ɗaya, wai kaset ɗin duk sun tashi? Na ce duka, har masu cikin. Ta shiga ɗaki ta fito da suwaitar nan mai ɓulallen hannu ta ba ni. Ta yi mini tsawo, amma ita nake sawa in zan shiga ɗaukar akwati.