Mai Gyaran Famfo a Dajin Fadama

Babanmu mai gyaran famfo ne, kuma duk inda ya ga ruwa kwance, a wurinsa wani ne ya yi sakaci. Da wannan halin muka kwashe shi a mota zuwa gandun dajin gwamnati, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa.

Tun asuba muke tafiya, bayanmu duk ya ƙage. Muna hawa gadar katakon da ta ratsa dajin, sai ya tsuguna ya tsoma sanda cikin taɓo.

"Wani wuri ya toshe," in ji shi.

Na ce, "Baba, haka Allah ya yi wurin."

Ko kallona bai yi ba. Ya tare ma'aikacin dajin, ya rantse in aka ba shi bututu da lebura zai busar da wurin ƙamas. Na ji kamar in nutse don kunya. An ce wani kada ya ɗago kai daga ruwa, amma mu ba mu gani ba, muna can muna janye Baba.

A mota yana ta mita, Mama ta juyo.

"Malam, famfon kicin ɗina da ke ɗiga tun haihuwar auta fa? Shi ma gandun gwamnati ne?"