Tuwonki Na Hucewa

Da an gama tuwon dare a gidanmu na Zango, sai ka ga yara muna rige-rigen murhun Kaka Falmata, uwar babanmu. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta gyara zama tana yi mana yanga, sai mun roƙa kamar za mu yi kuka. Kafin ta rufe baki da "ga ta nan", mun amsa mata da ihun da ke korar kajin maƙwabta.

Ni ce 'yar fari, kuma a lokacin abin yana ci mini rai. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini wasa a gaban mutane. Ƙannena su haye cinyarta, ni kuwa sai "ke". Na riga na yanke cewa ba ta sona, Kaka kuma ta lura.

Ran nan ta kawo mana tatsuniyar wata 'yar fari da ta je ɗiban ruwa, Dodo ya kama ta ya kulle ta cikin bishiyar kuka. Ya ce ba mai buɗe kukar sai muryar wanda ya fi kowa son yarinyar. Gari ya taru. Uba ya kira sunanta, shiru. Ƙawaye suka rera mata waƙa, maroƙi ya yi mata kirari har muryarsa ta dushe, kuka ko gezau. Mu kuwa mun manta da gyaɗa tana ƙonewa, muna tambayar ina uwar.

Kaka ta ce uwar tana can baya, kunya ta hana ta matsowa, don ba ta iya faɗin sunan ɗiyarta ta fari. Da kowa ya gaji, sai ta taka a hankali, ta dafa kukar, ta kau da kai. Nan Kaka ta rage murya:

"Ke, fito haka nan. Tuwonki na hucewa."

Kuka ta tsage biyu! Muka miƙe muna tsalle, ƙanena har ya taka garwashi. Ni kaɗai na turo baki, na ce ai ko sunanta ba ta faɗa ba. Kaka ta miƙo mini gyaɗa ta ce, "Kishiya, so ba a baki ake ajiye shi ba."

Na girma, na tafi Yamai karatu. Can mushenmu, wato malaminmu, ya sa mu karanta wani tsohon littafin Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, cikin Faransanci. Labarin wata uwa ce mai kame fuska, 'yarta na zaton ba a son ta, ba ta gane ba sai da ƙasa ta rufe idon uwar. 'Yan ajinmu suka yi ta zagin matar. Ni kuwa na san ta, a gidanmu take.

Da hutu ya zo, ban tsaya ko sallama da ƙawaye ba. Daga tasha na hau kabu-kabu, ina ta gaggauta mai tuƙi. Ƙannena suka rungume ni, ɗaya ta raɗa mini cewa tun hantsi Inna ke leƙen zaure tana cewa iska take sha.

Tana bakin murhu, a wurin da Kaka ke zama kafin ta rasu. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta dube ni ba, ta turo mini kwano.

"Ke, ci. Tuwonki na hucewa."