Irin Geron Inna

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo ƙwarya ɗaya da su. Amma abin da ya faru a gidanmu na Matameye a shekarar da surukata ta rasu, shi kam ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

A lokacin Nasara bai daɗe da zama a ƙasar nan ba. Shekarata huɗu a gidan miji, ina goyon fari. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Inna mace ce da ko idonta a rufe za ta miƙa hannu ta ɗauko abin da take so. Muciya na saƙale a danga kusa da murhu. Ludayi na cikin ƙwarya. Allura na soke a jikin faifan da ke bisa tukunyar kayanta. Ni kuwa ban taɓa koyon ko ɗaya ba, tambaya kawai na iya.

"Inna, ina wuƙa?"

"Tana inda ta kwana jiya, ƴar nan."

Sai in yi dariya, ita kuma ta nuna mini da baki. In na gama aiki, nan inda na gama nake barin kaya. Washegari in tarar da su a muhallinsu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ƙafar wa ta mai da su ba. A zatona haka gida yake, shi ke gyara kansa.

Daminar da ta gabaci rasuwarta, fara ta sauko mana a gona, gero yana gab da nuna. Tun da aka ji labarinta daga gabas, Inna ta ɗauki wuƙa ta shiga gona, ta bi tana zaɓen zangarniyar da ta fi ƙosawa. Abin da ta yanko ya yi dami uku ƙanana. Sauran duk fara ta cinye. Wannan gero ba irin na kowa ba ne. Daga kakan maigidana aka gaje shi. Yana riga na mutane nuna, kuma zangarniyarsa tana da gashi, tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Inna ta rataye damin nan uku a saman madafa, inda hayaƙi ke bugunsu ƙwaro ba ya kusanta. Muka yi ta cin abin da dangi suka taimaka mana da shi, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube su da sunan ci.

Da rani ya yi, dogarai suka zo ɗibar maza aikin hanyar Damagaram, aikin tilas na Nasara. Maigidana yana ciki. Bai yi wata biyu da tafiya ba Inna ta kwanta da ciwon ƙirji. Ana saura kwana uku ta cika, ta kira ni ta ce, "Irin can na madafa, ko yunwa za ta kashe ku kada a taɓa shi. In ruwa ya sauka ɗana bai dawo ba, ke za ki shuka. Kin ji?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Allah ya karɓi abarsa ranar wata Laraba da hantsi. Ɗanta bai ga gawarta ba.

Ƙanwar mahaifin maigidana, wadda muke kira Gwaggo, ta zo daga Kurni don ta zauna da ni har a yi arba'in. Tsohuwa ce mai kaifin baki, amma ba ta da mugun ciki. Ba a yi kwana goma ba ta fara ganin abin da ni ban gani ba. Gidan ya watse. Muciya a bakin rijiya, taɓarya a zaure, zanen goyo cikin kwandon kuka. Kullum rabin safiyata a nema take ƙarewa. Gwaggo takan zauna a tabarma tana kallona ta ce, "Ke wai kina aiki ne, ko kina farauta?"

Bayan sadakar bakwai, maƙwabta suka ce tunda maigida ba ya nan, bari su sake mana baibayar madafa kafin ruwa. Ni na hau turmi na sauko da damin nan uku da hannuna. Na tsaya da su a tsakar gida ina neman inda zan sa. A ɗakin Inna akwai damman gero da masu ta'aziyya suka kawo gudummawa, sai na jingina su a gefe, na ce a raina, bari in ɗan ajiye nan tukuna, in an gama in mayar. Aka gama baibaya a yini ɗaya. Ni kuwa na manta.

Ana jajibirin arba'in, mata suka cika gidan, wasu daga Icirnawa, wasu daga Ɗan Barto, don a yi gumbar sadaka. Aka kwashe damman ɗakin Inna zuwa bayan gida inda ake sussuka. Ina cikin madafa ina birkice kaya, ina neman babban ludayi, wata mata ta ɗaga murya daga can ta ce, "Matar gida, har waɗannan baƙaƙen a haɗa?"

Ban fito ba. Ban ko waiwaya ba. Na ce, "A haɗa duka."

Wannan magana ita ce ta fi kowace nauyi cikin duk abin da bakina ya taɓa furtawa. Matar ta yi abin da ya kamata, ta ga hayaƙi a jikin damin ta tambaya. Ni ce na ba da amsa ina neman ludayi.

Aka sussuka, aka sheƙe, aka surfa, aka daka. Washegari aka raba gumba, aka yi addu'a, kowa ya kama hanyarsa.

Bayan kwana shida hadari ya fara haɗuwa a gabas. Gwaggo, wadda ta ɗage komawarta don ta ga an yi shuka, ta ce, "Ƴar nan, sauko da irin nan mu gyara shi, ruwa ya kusa." Na shiga madafa na ɗaga kai. Sabon jinka, fes, babu kome. Na tuna turmin da na hau, na tuna gefen da na jingina su, na tuna muryar matar nan.

Na fito na durƙusa gaban Gwaggo na faɗa mata duka, ban rage kome ba. Sai ta ce, "Wato irin yayana muka dama wa mutane suka sha."

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

"Na san ke ce. Ai ba akuya ba ce." Sannan ta ce, "Tashi. Kuka ba ya tsirowa."

Ba ta sake yi mini maganar ba a ranar. Ta kai akuyarmu ɗaya kasuwa ta samo mana geron shuka, wanda ba mu san asalinsa ba. Ni kuma da gari ya waye na tashi da zafi. Na fito da duk kayan gidan tsakar gida, na share, na goge, na jera, har la'asar. Na yi haka kwana biyu. A rana ta uku jaririna ya tashi da zazzaɓi, kafin yamma gidan ya koma yadda yake. Na zauna bakin murhu na ce, "Gwaggo, ni ba zan iya zama kamar Inna ba."

Ta ce, "Wa ya ce ki zama ita? Ita ma da aka kawo ta gidan nan, ni na sha tsinto mata tsintsiya a bayan rumbu. Shekara arba'in ta yi tana koyo, ke kina so ki gama a kwana biyu? Kawo abu uku."

Na kawo muciya, da wuƙa, da ludayi.

"Ki ba kowane wurinsa. Ke za ki zaɓa, ba ni ba. Ki faɗa da baki in ji."

Na zaɓa, na faɗa.

"To. Daga yau ba ki ɗaukar buta don sallar magariba sai ukun nan suna wurinsu. Sauran gidan ya kama da wuta, ba ruwanki. In hannunki ya saba har ya daina tambayar kanki, ki ƙara uku. Kuma kalmar nan ta ‘tukuna’, ki fitar da ita daga gidan nan. In kin ɗauki abu, kada ki sauke shi sai a wurinsa."

Haka na fara. In na tambaye ta ina kaza, sai ta ce, "Ni baƙuwa ce." Dole in tsaya in tuna da kaina.

Ruwa ya sauka, maƙwabta suka taya mu muka shuka geron kasuwa. Kwana huɗu bayan haka, da sassafe, Gwaggo ta zagaya bayan gida, sai na ji tana kirana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na je na tarar da ita tsugune a wurin da aka yi sussuka. Tun ranar sadaka ban share wurin ba. Ƙaiƙayi na nan jibge, ƙafafun mata sun tattake ƙwayoyin da suka zube cikin yashi, kajin gidan kuma duk an yanka wa baƙi. Ga tsiro nan ya fito, kore, siri-siri kamar allurai.

Gwaggo ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yau ƙazantarki ta yi rana. Amma kada ki saba, sau ɗaya take yi."

Na ce, "Gwaggo, ai a haɗe suke da na gudummawa. Ta yaya za mu gane na Inna?"

"In sun fitar da kai za su faɗa da kansu. Je ki saro ƙaya."

Muka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Da tsiron ya yi tsawon tafin hannu, aka yi ruwa mai ƙarfi, muka ciro su ɗaya ɗaya da ƙasarsu a cikin ƙwarya, muka dasa a kusurwar gona ta wajen gawo. Wasu suka kama, wasu suka bushe. Gwaggo ta koma Kurni. Ni kuwa na ɗaura zuwa kusurwar nan a bayan sallar asuba, kamar yadda na ɗaura mai da kaya a gaban magariba. Ko ruwa ake, sai na je na duba. A lokacin kayan da ke da wuri a gidana sun kai goma sha biyu.

Maigidana ya dawo ana noma na biyu, a rame, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Kabarin mahaifiyarsa ya fara zuwa. Da ya shigo ya ci abinci, ban bari ya ji a bakin wani ba. Na durƙusa na gaya masa abin da Inna ta ce mini, da abin da na yi. Kwana biyu ba ya yi mini magana sai ta dole, kuma ban ga laifinsa ba.

Wata safiya, bayan ƴan makonni, ya biyo ni gona. Geron kasuwa ko ciki bai yi ba. Amma a kusurwar gawo wasu karare sun riga sun fitar da kai. Ya kama ɗaya ya tanƙwaro shi a hankali, ya shafa da yatsa. Gashi ne a jiki. Ya bi layin yana dubawa, ni ina biye. Da ya kai ƙarshe ya tsaya ya juya mini baya na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Kullum ke ke zuwa nan?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "To gobe ki tashe ni mu zo tare."

Abin da muka yanka a kusurwar nan bai cika dami ɗaya ba. Geron kasuwa kuwa ya makara, ruwa ya ɗauke ya bar shi, rabinsa tsuntsaye suka cinye. Ba zan ɓoye ba, mun sha wuya a shekarar. Mun ci tafasa, mun ci dusa, kuma na san sarai dalilin kowace loma. Amma ɗan damin nan na rataye shi a saman madafa, na kira maigidana na nuna masa, na kira maƙwabciyata ita ma na nuna mata, don kada wurinsa ya zauna a kan mutum ɗaya. A shekara ta uku irin ya sake cika gonar. Har yau shi jikokina ke shukawa. Maigidana bara ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Duk tsawon zamanmu bai sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya.

Mata da yawa sun shigo ɗakina sun ce Allah ya ba ni tsafta. Nakan ce musu ba a haife ni da ita ba. Abin da wannan shekara ta koya mini shi ne gyaran gida ba aikin yini guda ba ne da mutum zai tashi da zafi ya yi ya gaji. Ƙaramin aiki ne da ake ɗaurawa a jikin wani lokaci da ba ya wucewa, a yi shi yau, a yi shi gobe, har hannu ya riƙa yi ba da shawarar kai ba. Kowane abu a ba shi wuri ɗaya, kuma mutum biyu su san wurin. Wanda gidansa ke a kimtse hankalinsa yana tare da shi, in an tambaye shi yana da sararin da zai juyo ya duba kafin ya amsa. Amana kuwa ba da mugun nufi aka fi zubar da ita ba. An fi zubar da ita a lokacin da mutum ke can yana neman abin da shi da kansa ya yar.