Yadda Raliatou Ta Zo Paris Neman Maser

Raliatou taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da izininsa tun daga kakanni. A Birnin Zinder aka haife mu, wata huɗu ne tsakaninmu, kuma har yau tana cewa ita ce babba don kawai ta fi ni faɗi. Ni Hamdiya ina La Courneuve, a gefen Paris, ina aikin renon yaran mutane. Ita kuwa tana Lyon, inda ta yi shekara goma sha tara tana dafa wa matan zuhudu na Katolika abinci, waɗanda mutanenmu ke kira su maser. Hajiya ce sukutum, carbinta mai dubu ne, azumin Litinin da Alhamis kuwa bai taɓa wuce ta ba.

Mijinta Moctar ne ya kawo ta Faransa, yana gyaran injuna a jami'ar Villeurbanne da ke gefen Lyon. Ranar da ta je neman aikin, Faransancinta bai wuce gaisuwa da ƙirgen kuɗin burodi ba. Tana tsaye a ƙofar madafa tana inda-inda, sai wata tsohuwar Baturiya mai ɗan guntun lulluɓi ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke, ɗiyar wa ce? Kin iya tuwo ko sai surutu?" Saura kaɗan Raliatou ta zube. Sœur Odile ke nan, wadda ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a wani ƙauye na ƙasar Maradi, ta dawo da Hausa a bakinta har da zagin da ba a yi gaban surukai. Raliatou ta kafa sharaɗinta, ba ta taɓa naman alade, ba ta taɓa giya. Odile ta ce an ji, ita ma sharaɗinta ɗaya ne, a sa yaji.

Da Moctar ya rasu, Odile ta sauko daga tudun da gidansu yake, ta shiga taram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, ta zo ta zauna kan tabarma cikin matan makoki kwana uku cur, da ciwon gwiwarta da komai. Raliatou ba ta cika yabon mutum ba, ni dai ban taɓa samu ba. Amma tun daga ranar, in ka taɓa Odile ka taɓo faɗa.

Gidan maser ɗin ɗaki arba'in da biyu ne. A bangon baranda akwai wani tsohon hoto na 'yan mata fiye da sittin cikin fararen lulluɓi, duk shekara ɗaya suka shigo. Lokacin da nake ba ku labari saura mutum uku: Mère Colette shugabarsu, wata Sœur Agnès da ba ta ji sai an yi ihu, da Odile mai shekara casa'in da biyu. Sai ga takarda daga uwar ƙungiyarsu a Paris. In ba a samu maser mai sauran ƙarfi da za ta zauna da su ba kafin bikin Ista, za a rufe gidan, a kwashe tsofaffin zuwa gidan gajiyayyu can arewa. Ƙungiyar ba ta rasa mata ba, gidajenta na Burkina da Kongo cike suke har ana shimfiɗa a ƙasa, sai dai can ma aiki ya yi musu yawa.

Odile tana da shekara ashirin ta shigo gidan nan, nan kuma ta dawo daga Nijar. Ta sami Raliatou tana yankan albasa ta ce, "Ɗiyata, a ɗakina nake son in mutu. Ba na son gadon da ban san wanda ya mutu a kansa ba." Raliatou ta ajiye wuƙa ta ce, "In sha Allahu a ɗakinki." Ba ta san ta inda za ta ɓullo ba, ta dai riga ta faɗa.

A gida uwarta ce mai haɗa auren unguwa, sai ta ɗauko sana'ar gado. Ta fara da taram. Duk baƙar yarinyar da ta gani da sarƙar gicciye a wuya, sai ta matsa kusa, ta yi gaisuwa, ta tambayi iyaye, daga nan sai, "Kina da miji? Kina son zaman shiru? Akwai ɗaki kyauta, da lambu." Wata ta sauka tun ba a kai tasharta ba. Wata 'yar Kamaru ta yarda ta zo gani, ta ci faranti biyu, ta tambaya ko saurayinta zai iya kwana ranar Asabar. Nan Mère Colette ta zaunar da Raliatou ta yi mata bayani cewa ko an samu yarinya, sai ta yi shekaru tana koyo kafin a ƙirga ta. Raliatou ta ce to, ashe ɗanya ba ta yi, sai dafaffiya. Ta ɗauki hutun kwana uku ta hau jirgin ƙasa zuwa wurina.

"Kuyangata, sa takalminki," ta ce da ni tun daga bakin ƙofa. "Maser muka fito nema."

"A marshe ake saida su?"

"Komi ana samu a Château-Rouge."

Abin haushin, ta yi gaskiya. Rana ta biyu muna cikin wannan kasuwa ta 'yan Afirka a Paris, tsaye a shagon da ake sai da busasshiyar kuɓewa, sai muka ji wata na cewa a waya, "Wallahi Mama, daddawar nan tsada kamar zinariya." Muka waiwaya. Doguwar mace ce da ba ta kai arba'in ba, da shuɗin lulluɓi, da gicciyen katako a ƙirji, da takalmi irin na masu aikin asibiti. Raliatou ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Sunanta Sista Rifkatu, 'yar Wusasa ce ta ƙasar Zariya, nas ce da aka turo ƙaro ilimi. Raliatou ta yi mata gaisuwar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba, ta biya mata kuɓewar, ta ce akwai wasu tsofaffin maser a Lyon da suka rasa mai duba su. Rifkatu ta tambaya, "Wace ɗariƙa ce, Hajiya?" Raliatou ta ce, "Ta Annabi Isa mana, irin taku." Baiwar Allah ta ɗauka aikin jinya ne na hutun mako biyu, ta ce za ta zo. A waya kuwa na ji da kunnena Raliatou na gaya wa Mère Colette, "Ça y est, na samo, a wanke ɗaki." Na bi su Lyon, don ba zan yarda a ba ni labarin wannan ba.

An yi mata tarba ta gani ta faɗa. An fito da farantan da ba a taɓawa sai bikin Kirsimeti, Agnès ta rungume ta tana kuka, Odile kuma ta kama ta da Hausa har suka gano sun san wani direba ɗaya a Jibiya. Ana cikin cin shinkafa da miyar gyaɗa Mère Colette ta yaba lulluɓin baƙuwa. Rifkatu ta yi murmushi ta ce cikin Faransancinta mai tsalle-tsalle, "Na gode. Matar bishop ɗinmu ce ta ɗinka mini."

Cokalin Mère Colette ya tsaya a hanya. Agnès ta ce, "Me ta ce?" Aka maimaita mata da ihu, ita ma nata cokalin ya tsaya. Odile kuwa ta kifa kai a tebur tana dariya har haƙoranta na roba suka nemi fitowa.

"Mi ya faru?" in ji Raliatou daga ƙofar madafa. "Gishiri ne?"

Mère Colette ta yi mata bayani a hankali. Limaman Katolika ba sa aure, balle bishop. Wannan 'yar Angilika ce, su ma suna da matan zuhudu, 'yan kaɗan, suna alkawarin talauci da biyayya da rashin aure kamar su, amma ba sa ƙarƙashin Paparoma. An rabu tun zamanin wani sarkin Ingila da ya so sakin matarsa aka hana shi, kusan shekara ɗari biyar ke nan. Ba za a iya ƙirga ta cikin gidan ba.

"Shekara ɗari biyar a kan sakin mace guda?" Raliatou ta riƙe haɓa. "Kuma ba a samu dattijo ya shiga tsakani ba? Mu a masallaci wani ya kama hannu, wani ya saki, duk liman guda muke bi!"

"Hajiya, da kin gaya mini gaskiya tun a Paris," in ji Rifkatu.

"Da na gaya miki da kin zo?"

Ban taɓa jin daɗin rana kamar wannan ba, na kuma gaya wa Raliatou haka a gaban kowa. Amma da na shiga madafa ɗaukar ruwa na same ta tana goge tukunyar da ta riga ta wanke, idonta ya yi ja. Tausayinta ya kama ni, na ɗauki ruwan na fita.

Rifkatu ba ta tafi ba, ta ce ta yi alkawarin mako biyu. Ta gyara wa Agnès na'urar kunne, ta canja wa Odile maganin gwiwa, da safe tana zama a bencin baya na ɗakin addu'arsu da nata littafin. Ganin haka Raliatou ta sake ƙulla wata. Cikin makon wakiliyar uwar ƙungiya za ta zo daga Paris duba gidan. Ta sayo yadi ruwan toka irin na su Odile, ta ɗinka lulluɓi, ta kai wa Rifkatu. "Ki sa ki zauna kawai. Kar ki yi magana, ni zan ce maƙogwaronki na ciwo." Odile ta goyi baya ɗari bisa ɗari, ta ce ita za ta nemi gafarar daga baya, ta saba. Rifkatu ta ninke lulluɓin ta mai da mata, ta ce ba ta bar gidan ubanta don ta zo Turai ta yi ƙarya da rigar wasu ba.

Ranar zuwan wakiliya na riga na koma aiki, daga bakin Rifkatu na ji, don na Raliatou ya sha gishiri. Ana jiran Baturiya, sai ga baƙar mace 'yar Burkina, Sœur Perpétue, ita ce ta biyu a ƙungiyar gaba ɗaya. Tun a gaisuwa Rifkatu ta faɗi ko ita wace ce. Daga madafa aka ji murfin tukunya ya daki ƙasa. Raliatou ta fito da ludayi a hannu, ba wanda ya kira ta, ta tsaya gaban baƙuwar.

"Ma sœur, ke ɗiyar Afirka ce, kin san abin da nake nufi. Tsohuwar nan ta karɓi haihuwar 'ya'yanmu shekara talatin. Yanzu ta ce ga inda take son ta cika, sai a ce takarda ta hana? A garinku haka ake yi?"

Perpétue ta dube ta da kyau. "Ke ce kike tare 'yan mata a taram da sunanmu? An rubuto mana wasiƙa biyu a kanki."

"Biyu kaɗai?"

Perpétue ta yi dariya, sannan ta shiga ɗakin Odile ta rufe ƙofa, suka daɗe. Da ta fito ta ce rufe gida ba fashi, ba ta da maser da za ta turo. Abin da za ta iya shi ne ta jinkirta har ranar da Allah ya ɗauki Odile, in har akwai mai lafiyar da za ta tare a gidan. Ba ta ce lalle sai maser ba, ta kuma faɗi hakan tana kallon ludayin.

Haka Hajiya Raliatou ta saki gidanta na Villeurbanne ta tare a ɗaki mai lamba goma sha bakwai. Mère Colette da kanta ta hau kujera ta cire gicciyen bango, ta tambaye ta ina ne gabas don a juya gadon. Matan masallaci suka yi ta magana, ta ce duk mai magana ta zo ta karɓe ta wankin Odile na kwana ɗaya. Ba wadda ta zo.

Daga nan yaƙi ya koma tsakaninta da Odile. Ta hana ta gishiri, ta hana ta cuku, ta ƙirga mata matakala. Odile ta koma sata, tana ɓoye cuku a aljihun riga, Agnès na yi mata gadi duk da ba ta jin tafiyar kowa. In an kama ta sai ta ce, "Ke so kike in kai ɗari don kar ki rasa aiki." Raliatou ta ce, "Ɗari da goma. Buɗe bakin." Rifkatu na zuwa duk hutu da shuɗin lulluɓinta, ta raba su faɗa, ta koma.

Wata goma sha huɗu suka yi a haka. Wata Alhamis bayan azahar Odile ta ce a buɗe mata taga, ta nemi kunun gyaɗa, ta sha cokali uku, ta cika a kan gadonta, hannunta cikin na Raliatou. Bayan wata ɗaya motar ƙungiya ta zo ta ɗauki Mère Colette da Agnès, Raliatou ta miƙa makullai.

Na tarbe ta a tashar jirgi a Paris da akwatuna biyu da tukunya guda da ta ce tata ce. Ta rame, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Sai na koma ga tsokanar da na iya. Na ce, "To uwar dabara, ga shi ba maser, ba gida, ba aiki. Me kika ci?"

Ta ajiye tukunyar a ƙasa, ta share ido da gefen mayafi.

"A ɗakinta ta mutu, Hamdiya," ta ce. "Ɗauki akwatin, ke ce ƙarama."