Ƙafar Hagun Sai-an-tura

A tashar tasi babu mai kiransa da sunansa na yanka. Sai-an-tura ake ce masa, don motarsa ba ta cika tashi da makulli kaɗai ba. Ta hannu ya saye ta tun gashinsa na baƙi, ita kuwa a lokacin ma ta riga ta ga duniya. Duk inda zai tsaya sai ya nemi gangara. In zai tafi ya saki birki, ta mirgina, ya ɗaga kuloci, ta yi tari ta kama.

Motar ba ta gaji ba, gwiwarsa ta hagu ce ta gaji. Taka kuloci a cunkoso tun safe har yamma ya kumbura ta. Likita bai ja magana ba: ko ya bar kuloci, ko ya bar tuƙi.

"In bar tuƙi in yi me?" ya tambayi matarsa. "In zauna ina taya ki shanya?"

"Da na gode," in ji ta, tana gasa masa gwiwar da tsumma mai ɗumi. "Mijin 'yarka ya ce ka ɗauki tasa, mai canja giya da kanta. Ka karɓa mana, Malam."

"Motar da ba a turawa? Ran da ta mutu a hanya fa?"

"Kai dai ba ka saba da wadda ba ta mutuwa ba ne."

Ya karɓa, ba don ransa ya so ba. Ciki sanyi, babu warin fetur, kuma ba ta daina ƙara sai ya ɗaura bel. A tasha direbobi suka kewaye shi.

"Yau wa za mu tura, Baba? Ka raba mu da motsa jiki!"

Fasinjarsa ta farko mai sayar da ƙwai ce, da kiret a cinya. Suna dosar mahaɗa, ƙafarsa ta hagu ta tashi neman kuloci kamar kullum. Babu kuloci a wurin, sai faffaɗan birki, ta kuwa danne shi har ƙasa. Ƙwai ya wanke bayan kujera.

"Baba, kashe mu za ka yi? In ba ka iya ba ka faɗa!"

Kafin rana ta take ya sake yi, har na bayansa ya kusa shigar masa. Ya koma gida, ya zauna a motar ya kasa fitowa.

"Ƙafar nan ba ta san an sallame ta ba," ya ce wa matarsa da ta leƙo. "Tsohuwar motar ta fi ƙarfin gwiwata, wannan ta fi ƙarfin kaina. Ina jin tuƙin ya ƙare."

Ta daɗe tana kallon ƙafar.

"To cire mata takalmi, ta san ba aiki za ta ba."

Washegari haka ya yi. Ya ajiye takalmin a gefe, ya lanƙwashe ƙafar can baya, jikin kujera. In ta zabura, sanyin ƙarfe ya tuna mata, ta koma. Ya wuni bai jefar da kowa ba.

Yanzu kumburin ya fara sauka. Sai dai har yau in ya dawo da yamma, yakan wuce filin ƙofar gidansa, ya kai motar can ƙarshen layi kan gangara, sannan ya tako gida yana ɗingishi.

"Malam, ga fili nan a ƙofa."

"Na gani," yakan ce, yana neman wurin zama. "Bar ta can dai."